Inna ta ƙulle kaya ta ce gida za ta: yadda ake juya hankalin tsohuwar da ta ruɗe

Wata 'yar'uwa daga unguwar Banifandu a nan Yamai ta aiko da tambaya. Mahaifiyarta ta haura shekara 70, wata 8 ke nan da suka ɗauko ta daga wani ƙauye kusa da Illela a ƙasar Adar, bayan mantuwa ta yi mata yawa har ta bar tukunya a wuta ta ƙone. Tun zuwanta, kullum bayan la'asar sai ta ƙulle tufafinta a zane ta nufi ƙofa, ta ce gida za ta, Malam zai dawo daga gona ba ta ɗora tuwo ba. Malam kuwa, wato mijinta, shekara 9 da rasuwa. In aka tare ta sai zagi, ran nan har ta ɗaga sanda ta bugi jikarta. Tana cewa an sace mata kuɗi, kuma matar ɗanta take zargi. Wanka ba ya yiwuwa sai da rigima. Dangi sun rabu, masu cewa iska ce da masu cewa sammu ne, yayan mai tambayar kuma ya ce a kulle tsohuwar a ɗaki ko a sayo mata maganin barci. Ita dai tambayarta, yaya za ta yi?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan wannan ɗawainiya. Na daɗe ina aikin jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma labarin Inna na ji irinsa daga bakin 'ya'ya da surukai da ba zan iya ƙirgawa ba.

Abin da muke kira gigin tsufa ko rikicin tsufa ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa. Tsufa shi kaɗai ba ya sa mace ta manta mijinta ya rasu. Ai muna da tsofaffi masu shekara 90 da za su lissafo miki dangi har kaka bakwai ba su yi tuntuɓe ba. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya fara bayyana nau'in da ya fi yawa a shekarar 1906, shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da wannan lalura, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Mai bi masa shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jini ke kawowa, daga tansiyo, wato hawan jini, da aka yi shekaru ba a kula da ita ba, ko ciwon sukari, ko shanyewar ɓarin jiki. Mu Musulmi ma ba baƙon abu ba ne gare mu, domin a Suratun Nahli aya ta 70 Allah ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zamo bai san kome ba bayan ya sani.

Abin da nake so ki riƙe shi ne yadda ciwon ke aiki. Yana fara lalata wurin da ke ajiye sabon abu, ya bar tsohon. Ki ɗauka allo ne da ruwa ke bi ta kansa: duk abin da kika rubuta yanzu, kafin tawada ta bushe ya wanke. Amma karatun ƙuruciya, da shekarun aure, da lokacin da take ɗora tukunya kullum kafin Malam ya shigo da fartanya a kafaɗa, waɗannan suna nan daram. Saboda haka in Inna ta ce Malam na hanya, iyakar gaskiyarta ta faɗa. In kika ce, "Haba Inna, Baba ai ya rasu tun tuni," to a wannan lokacin ne ta fara jin rasuwar mijinta. Kin kai mata saƙon mutuwa, daga bakin 'yarta, ba mai yi mata ta'aziyya, kuma gobe za ki sake kai mata shi. Ina roƙon ki ki daina wannan daga yau.

Akwai kuma abu na biyu. Maganar tana gogewa, amma zafin da ta bari a zuciya ba ya tafiya da ita. A shekarar 2014 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun nuna wa masu wannan ciwo fina-finai na baƙin ciki da na farin ciki, suka tarar cewa bayan sun manta abin da suka kalla, baƙin cikin ko murnar na nan tare da su. Shi ya sa in kuka yi gardama da la'asar, za ki ga ta ƙi cin tuwon dare tana hararar ki, alhali ko an tambaye ta ba ta san me kika yi mata ba. Haka kuma in kika faranta mata, daɗin zai bi ta har shimfiɗa.

To yaya ake yi in ta ɗauki ƙunshinta? Ki tuna mai lambun albasa a Galmi. In ruwa ya nufi inda ba ya so, ba ya tsayawa gabansa da ƙirji. Buɗe masa wata kafa yake yi da fartanya, ruwan ya bi da kansa. Haka za ki yi. Kada ki sha gabanta a bakin ƙofa, kada ki fizge ƙunshin, kada ki kamo ta ta baya. Ki zo ta inda za ta gan ki, ki rage tsawo, ki sassauta murya.

"Inna, ina zuwa haka da kaya?"

"Gida za ni. Malam na dawowa, ban ɗora kome ba."

"Ayya, ashe aiki na jiran ki. Kawo kayan in riƙe miki, in taka miki. Wace miya Baba ya fi so ne, ta kuka ko ta kuɓewa?"

Ki bar ta ta ba ki labari, kuna tafiya. In ya kama ku fita waje, ku fita, ku kai bakin layi, ku gaida mai tebur, ku kewayo. Sai can ki ce, "Inna, magariba ta gabato, mu yi alwala tukuna," ko "Ga zogale can na rasa mai taya ni gyarawa, ke ce kika iya." Sau da yawa kafin ku dawo zancen tafiya ya wanke daga allon, saura faifai a cinyarta. Wata rana ba zai yi ba. Ki ba ta minti 10 ko 15, ki sake gwadawa ta wata kafar, ko ki turo wani wanda take jin nauyinsa.

Ki lura da jerin abin: sai da kika karɓi damuwarta, sannan kika juya ta. Mutane da yawa suna tsallake na farkon, tana cewa gida za ta su kuma suna miƙa mata hura. Tsohuwa ce, ba jaririya ba, tana gane an share maganarta, kuma nan faɗa ke tashi. Abin da ke ƙarƙashin "gida za ni" shi ake amsawa. Wani lokacin kewa ce, wani lokacin tsoro, wani lokacin kuma mace ce da ta yi shekara 50 tana ciyar da gida, yau an zaunar da ita a kan tabarma an ce ta huta. Wannan hutun da muke gani gata ne, a wurinta rashin amfani ne. Ki ba ta aikin da hannunta ya sani tun tana yarinya: tsince wake, ɓare gyaɗa, bakace, ninke tufafin yara, jan carbi. Ko ba ta yi daidai ba kada a gyara a gabanta, a yi mata godiya.

Na san abin da zai zo miki a rai, domin kusan kowa na tambaya ta: wannan ba ƙarya ba ce? Ki sake duba hirar da ke sama, ba inda aka ce Malam na raye. Tambaya aka yi, labari aka ja. In ta tsare ki da "Ina Malam?" kina iya cewa, "Kin yi kewarsa ko, Inna? Ni ma haka. Ba ni labarin ranar da aka kai ki gidansa." In kuma wata rana hankalinta ya ɗan dawo ta ce, "Ya rasu ko?" to ki faɗa mata gaskiya a hankali, ki riƙe hannunta, ku yi masa addu'a tare. Inda abin ya shige miki duhu ta fuskar addini, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, amma ki bayyana masa yanayin ciwon da kyau kafin ya ba ki fatawa.

Akwai wani dattijo a Tawa da ba na mantawa. Tsohon ɗan kasuwar albasa ne, ya yi shekaru yana loda motoci zuwa kudu. Da ciwon ya kama shi, sai ya riƙa tashi wajen ƙarfe 3 na dare yana neman takalmi, wai mota na jiran sa. 'Ya'yansa suka yi ta fama, har sun kai ga ɗaure masa ƙafa da rawani a jikin gado. Da suka kawo shi idon sawunsa duk ya kumbura, kuma ba ya ko kallon su. Muka zauna da babban ɗan. Abin da aka yi ba shi da tsada: aka ajiye masa rabin buhun albasa da tire biyu a zaure. Da hantsi da bayan la'asar ɗan zai durƙusa ya ce, "Baba, a duba mana wannan, mu ba mu iya ba." Na je gidan na gan shi da idona. Ya ɗauki albasa ɗaya ya juya ta, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci, ya ajiye ta dama. Ya ɗauki wata, ya girgiza kai, ya jefa ta hagu ya ce, "Wannan ba ta kai Abijan." Mutumin da bai san sunan jikansa ba, bai kuskure ko ɗaya ba. Da dare sai a sake haɗe su a buhu. Tashin daren bai ƙare gaba ɗaya ba, amma ya ragu sosai, domin yana wuni da aiki maimakon barcin rana. In ya tashi kuma, ɗan ya ce, "Baba, dare ne, kasuwa ba ta ci ba," ya ba shi ruwa, ya zauna kusa da shi har ya koma.

Tunda rikicin Inna yana da lokaci, ki riga shi. Rikicewar yamma sananniya ce a wannan ciwo: gajiyar wuni ta taru, haske na raguwa, inuwa na yi wa mai raunin ido kama da mutane, yara sun dawo daga makaranta, talabijin na ihu da Faransanci, maƙwabta na hira da Zabarmanci, ita kuwa kunnenta Adaranci ya sani. Da an sallame la'asar ki sa ta kewaya, ki ba ta ɗan abin taɓawa, ki ajiye mata aikinta, ki kunna fitila tun almuru bai yi ba, a rage ƙarar talabijin, a sa mata karatun Alƙur'ani ko waƙoƙin zamaninta a hankali. Shayi mai ƙarfi da yamma a bar shi. Ki samu ɗan littafi ki yi mako guda kina rubuta ƙarfe nawa abin ya tashi, wa ke wurin, me aka yi kafin nan. Za ki yi mamakin abin da zai fito. Wata mun gano duk rigimarta fitsari ne ke matsa ta, ba ta gane hanyar makewayin gidan birni ba, kunya kuma ta hana ta tambayar suruki.

Zancen sata yana da ciwo, musamman ga matar ɗanta da ke wahala da ita. Abin da ke faruwa shi ne Inna ta ɓoye kuɗinta don tsoro, ta manta ta ɓoye, ta duba babu. A hankalinta amsa ɗaya ce ta rage: wani ya ɗauka. Rantsuwa da kare kai ba sa amfani. A ce, "Subhanallahi, nawa ne? Tashi mu duba tare." Ki koyi maɓoyanta, galibi ba sa wuce uku ko huɗu: ƙarƙashin katifa, bakin zane, cikin kwano, cikin matashi. In kin gano, ki bar ta ita ta gani da kanta, don in ke kika miƙo sai ta ce da ma ke kika ɗauka. Ki bar mata 'yan canji a lalitarta kullum, manyan kuɗi da takardu kuma a adana. Sannan yayanki ya tara dangi ya faɗa da bakinsa cewa matarsa ba ta ɗauki kome ba, ciwo ne. Na ga auren da wannan zargi ya kashe saboda an bar shi yana yawo a dangi.

Wanka kuwa, ki tambayi kanki wa ke yi mata. Matar da ta yi rayuwarta ba ta ko faɗin sunan ɗanta na fari, yaya za ta tuɓe gaban matarsa? Ke 'yarta, ko wata ƙanwarta, ku ya kamata. A yi da bokiti da ƙoƙo yadda ta saba, ruwa mai ɗumi, tana zaune a kujera 'yar tsugunno da zane ɗaure a ƙirji, soson a hannunta, ke kina taimakawa ta baya kina faɗa mata abin da za ki yi kafin ki yi. Kada ki ce "kina wari." Ki ce yau Juma'a ce, in Juma'ar ce, ko za a yi baƙi, ko ki fara da alwala ki zarce. Ba dole sai kullum ba. Sau 2 ko 3 a mako ya isa, sauran ranaku a goge jiki da tsumma mai ɗumi. Sallarta ma in ta yi raka'a biyar ko ta maimaita azahar sau uku, a ƙyale ta. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Azumi kuma kada a bar ta ta yi, ƙishirwa na ƙara rikita su ƙwarai.

Ranar da ta ɗaga sanda, a ja da baya, a fitar da yara, mutum ɗaya ya rage yana magana a hankali daga inda sandar ba ta kai wa. A kuma ja kunnen jikoki. Wasan jika da kaka al'adarmu ce mai daɗi, amma yanzu in yaro ya ce "tsohuwa, na ƙwace mijinki" ko ya ɓoye mata takalmi, ita ba ta san wasa ba ne.

Yanzu maganar yayanki. Ban yarda da kulle ta a ɗaki ba, ɗauri kuwa ko kusa. Tsoro yake ƙara mata, ga faɗuwa, ga gyambo, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a ɗakin kwano. Ƙofar gida ta waje ake sa wa sakata a sama inda idonta ba ya kai wa, ko ƙararrawa, ta samu filin tsakar gida ta yi yawonta. A kawar da ashana, butalin gas, wuƙaƙe, ruwan Javel da magunguna. A ɗinka mata lambar wayarki a bakin mayafi, ki ajiye sabon hotonta a waya. Kuma kada ki ɓoye ciwon. Ki gaya wa liman, da mai tebur, da mai shayi, da maƙwabta. Abin da ke hana ni barci shi ne tsohuwa baƙuwa ta fita da dare, a tsince ta a wata unguwa tana sambatu, wani ya ce mayya ce.

Maganin barci daga hannun masu tallar magani a tire, don Allah a'a. Diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, da magungunan mura masu sa barci suna ƙara ruɗewa, suna kawo faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Hatta magungunan asibiti irin su haloferidol da risferidon suna da haɗari ga masu wannan ciwo. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin su risferidon na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa, a 2008 ta haɗa da irin su haloferidol. Muna ba da su, amma sai in akwai barazana ta gaske, kaɗan, na ɗan lokaci, kuma likita na bibiya. Akwai wani nau'in ciwon da mai shi ke ganin mutane ko dabbobin da babu su, jikinsa na sanƙarewa, wanda waɗannan magunguna ke iya kayar da shi warwas. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da Alzheimer ba. Irin su donefezil da memantin suna ɗan sassautawa ne ga wasu. Addu'a da tofi a yi, suna kwantar mata da hankali. Amma duk mai maganin da zai kawo duka, ko hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ki tsaya tsayin daka ki hana.

Ban ga inda kika ce likita ya duba ta ba, kuma wannan ya kamata a yi cikin makon nan. Ku fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, su tura ku Babban Asibitin Ƙasa na Yamai wurin likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A auna tansiyo da sukari, a duba jini da fitsari, ido da kunne da haƙori. Akwai abubuwan da ke kama da wannan ciwo kuma suna da magani: matsalar maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, taruwar jini a kai bayan faɗuwa. Ki tafi da ɗan littafin nan da duk maganin da take sha a leda guda. Kuma ki riƙe wannan da kyau: gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Duk ranar da kika ga ta canza cikin kwana ɗaya ko biyu, barci ya yi yawa, ko sambatu, ko zafin jiki, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, to wani ciwon ne ya hau kai. Masassarar cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙishirwa, ko kwanaki ba ta yi bayan gida ba, kowanne na iya yin haka. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Ke ma mutum ce. Ranar da kika ji hannunki na rawa don haushi, ki fita tsakar gida ki sha ruwa, ki bar wani ya karɓe ki. In kin taɓa daka mata tsawa, ki yi istigfari ki wuce, ba ke kaɗai ba ce. Ku zauna da 'yan'uwa a raba kwanaki, waɗanda ke wajen bida a Abijan ko Libiya su ɗauki kuɗin magani da na mai taya ki, ki samu ko yini ɗaya a mako da za ki yi barci.

Na san wani zai ce a mayar da ita ƙauye tunda gida take nema. In akwai mai kula da ita tsakani da Allah a can, abin dubawa ne, domin canjin wuri na cikin abin da ya tsananta mata. Amma kada ku ɗauka shi ke nan. Na ga waɗanda aka mayar har cikin ɗakinsu na aure, da la'asar ta yi suka ƙulle kaya suka ce gida za su, saboda gidan da suke nufi na wani zamani ne da mutanensa suka riga mu gidan gaskiya. Kaiwa da kawowa tsakanin Yamai da Adar kuma ya fi kome rikita ta, a zaɓi wuri ɗaya a zauna. In a nan za ta zauna, duk wanda zai taho daga Illela a ce ya zo da ƙwaryar da take dama hura, da faifanta, da tabarmar sallarta, da tasoshin jerenta ko guda uku ne, a jera mata su inda za ta buɗe ido ta gan su da asuba.